Batirin Baba Ladan

Jitar ba ni na saya ba. Wani ɗan bautar ƙasa ne da ya yi haya a ɗakin zaurenmu a Limawa ya bar mini ita, lokacin ina shekarar farko a jami'a. Mutumin kudu ne, yana koyar da lissafi a wata sakandare ta hanyar Kiyawa, ranar Lahadi kuma yana kaɗa wa cocinsu. Ranar da zai tafi kayansa suka yi wa motar yawa, direba ya ce ya zaɓa, ko jita ko buhun dabinon da ya saya zai kai gida. Ya zaɓi dabino.

Abin da ya bari shi ne jitar, da ƙaramar lasifika mai kama da akwatin rediyo, da wayoyi biyu, da wani ɗan akwatin ƙarfe ja wanda bai fi tafin hannu ba. Wannan akwatin shi ake kira feda, don da ƙafa ake taka shi. Waya ɗaya tana fitowa daga jita ta shiga cikinsa, ɗayar ta fita daga cikinsa ta shiga lasifika. Idan ba ka taka ba, sautin jita yana wucewa yadda yake. Idan ka taka, sai ya canza masa murya. Yana da maɓallan murɗawa biyu, fentin da ke kewaye da su duk ya goge, a ƙasansa kuma akwai murfi mai kusoshi huɗu, inda batir yake zama. Batirin irin mai kusurwa huɗun nan ne, mai kawuna biyu a samansa.

Ni mutum ne mai jin nauyin mutane tun ina yaro. A aji ina zama kusa da taga, ba na ɗaga hannu ko na san amsa. Jita ta dace da ni saboda lasifikar tana da ramin da ake sa abin ji na kunne, to sai in rufe ƙofa bayan la'asar in kaɗa, ba wanda ya sani sai ni. Mahaifina ya san tana ɗakin. Sau ɗaya ya yi maganarta, yana ɗaura agogo zai fita ofis, ya ce kada dai maƙwabta su ji. Bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban bari sun ji ba.

Da farko fedar ba ta burge ni ba. Idan na taka sai jita ta yi ta kururuwa, sautin ya ƙi mutuwa, kamar an tayar da injin niƙa a cikin kaina. Idan ban taka ba kuma sautin ya yi tsabta da yawa, ya yi sanyi, ba ya kama da komai da na taso ina ji. Na yi watanni ina koyon inda yatsu suke zama, ina taka fedar jefi-jefi don kawai tana nan.

Wata rana da yamma na taka sai na ji wani abu dabam. Sautin ya shaƙe, ya yi kaushi, kuma kowace tsirkiya na taɓa sai ta yi magana ta yanke nan take, ba ta jan wutsiya. Akwai wata 'yar karkarwa a ƙarshenta, kamar fata ce ke rawa a ƙarƙashin tsirkiyar. Na sake taɓa tsirkiyar, na kasa kunne. Garaya ce. Ba kamanni na nesa ba, ita ce sak, irin wadda na riƙa ji a Aujara ina ƙarami idan aka kai mu hutu gidan kakata. Na ɗauka na murɗa wani abu ne ba da sani ba, na duba maɓallan, suna inda suke kullum. Na yi kwanaki ina jin daɗin wannan sauti, sannan wata rana na taka na ji shiru. Batirin da ɗan bautar ƙasa ya bari ya mutu.

Na sayo sabo a shagon masu kayan lantarki na sa, sai ga injin niƙa ya dawo. A nan na gane cewa garayar ba a cikin fedar take ba, a cikin gajiyar batirin take. Sabo ya yi ƙarfi da yawa, matacce ba ya komai, akwai wani ɗan tsakani da batir yake isa kafin ya mutu, shi nake nema. Na sa masa suna a raina, na ce batir ya nuna. Har na koyi gane shi da harshe. Idan ka ɗora harshe a kan kawunan biyu, sabo cizo yake yi, matacce ɗanɗanon ƙarfe kawai, nunanne kuwa ɗan tsami yake yi mai laushi, kamar ruwan tsamiyar da aka sirka.

Matsalar ita ce fedar ba ta cin wuta. Sabon batir sai ya yi watanni a cikinta bai gaji ba. Na gwada haɗa shi da ƙwan tocila don in rage masa ƙarfi. Wani in bar shi ya wuce gona da iri ya mutu, wani in cire shi yana daidai, kafin gari ya waye ya farfaɗo ya koma cizo. Na lalata batura da dama a haka.

Masallacin unguwarmu yana bayan katangarmu, lasifikarsa tana kallon tagata. Ladaninmu dattijo ne dogo, mai son raha, tela ne a da kafin idonsa ya rage. Kowa Baba Ladan yake ce masa, shi kuma yana ce mini ɗan boko. Wata rana bayan azahar na ga ya buɗe gindin makirfonsa, irin marar wayar nan, ya zaro batir ya jefa a kwandon shara na bakin ƙofa. Mai kusurwa huɗu ne. Na jira mutane suka ragu, na ɗauka, na juya baya na ɗora a harshe. Tsamiya.

Ashe ya gan ni. Ya tambaye ni ko yunwa ce ta kai ɗan boko lasar batir, in haka ne ya aika gida a kawo mini ɗumame. Na ce ina da amfani da shi ne. Bai tambayi amfanin ba. Ya ce 'yan makaranta ba sa rabo da haɗe-haɗe, daga ranar kuma duk wanda ya cire sai ya ajiye mini a kan tagar masallaci, bayan agogon bango da ya daina aiki.

Shekara biyu muka yi a haka, kuma su ne shekarun da na fi jin daɗin jita a rayuwata. Har na zama ina gane lokacin daga ɗakina. Idan makirfon ya fara gajiya, muryar Baba Ladan sai ta riƙa ɗan tsinkewa a wuraren da yake jan numfashi, ta yi ƙasa ta dawo. Sauran mutanen unguwa suna cewa lasifikar nan ta soma halinta. Ni kuwa ina amsa kiran salla, wani ɓangare na zuciyata yana cewa gobe ko jibi akwai ajiya a bayan agogo. Na sha jin kunyar wannan tunanin, amma bai hana shi zuwa ba.

Sai wani ɗan unguwa da Allah ya buɗa wa ya sa wa masallacin sola, ya kawo sabon makirfo da ake yi wa caji kamar waya. Kowa ya yi murna, ni ma na yi, don an daina kiran asuba da baki idan babu wuta. Tsohon makirfon aka naɗe shi a leda aka sa a kabad ɗin liman. Na ci gaba da amfani da batirin ƙarshe har ya mutu, daga nan na ajiye fedar a ƙarƙashin gado, na koma karatun jarrabawa.

A wannan shekarar aka kawo kakata, mahaifiyar babana, daga Aujara don a cire mata yanar ido. Iya muke ce mata. Bayan aikin aka ce ta zauna a gidanmu har likita ya sake dubawa, kada ta sunkuya, kada ta shiga hayaƙi, kada ta ɗauki komai. Ga mace da ba ta taɓa wuni a zaune ba, wannan ɗauri ne. Aka shimfiɗa mata katifa a ɗakin da ke kusa da nawa, ido ɗaya a rufe da auduga, ni ne mai ɗiga mata magani saboda an san ba na mantuwa. Mijina take ce mini, yadda kakanni suke yi, tana kuma yi mini gorin cewa ta auri mutumin da ba ya magana, ko cefane ba ya bayarwa.

Tana kwance tana yawan yin wani ɗan amo a maƙogwaro, ba waƙa mai kalmomi ba. Na san shi tun ina yaro, amma ban taɓa tambaya ba sai a lokacin. Ta ce kiɗan yayanta ne. Maharbi ne, ya rasu tun kafin a haifi babana. Idan suka tafi farauta da rani sai su yi kwanaki ba labari, kuma ba kullum ake dawowa cif ba. Shi yana da garaya, yana da kiɗa ɗaya da ba ya yi sai a hanyar dawowa gida. Tana yarinya takan hau kan katangar bayan gida da yamma tana sauraro. In ta jiyo shi, ta san yana raye, ta ruga ta faɗa wa uwarsu.

Ta ce amon yana nan a bakinta, amma muryar garayar ce ta ɓace mata. Ta yi ta nema a kanta ba ta samu. Masu garayar da suka rage a wajensu ba su san kiɗan ba, na rediyo kuma duk sun cika shi da ganguna. Ta faɗi haka ne ba da wani nauyi ba, ta ce in miƙo mata carbinta.

Kawuna zai zo ya mayar da ita gida ranar Juma'a, bayan ganin likita. Na zaro fedar daga ƙarƙashin gado na kakkaɓe ta. Amon ba wuya, na same shi a tsirkiya biyu a yammacin farko. Muryar ce babu. Na gwada ƙwan tocila, batirin ya mutu a hannuna. Na san wuri ɗaya ne kawai batir yake nuna daidai, cikin tsohon makirfon masallaci, kuma wannan karon ba abin da za a yar ba ne in tsinta. Dole sai na roƙa, dole kuma in faɗi dalili.

Na sayi sabon batir na sa a aljihu, na yi salloli uku a masallaci ina fasawa. A ta huɗu na tsaya har Baba Ladan ya gama naɗe tabarmi. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa batirin, na ce ina roƙon ya sa a tsohon makirfo ya yi kiran salla da shi na 'yan kwanaki. Ya juya batirin a hannunsa ya ce sabo ne fa. Na ce shi ne matsalarsa. Daga nan na faɗa masa komai, kaina a ƙasa, jita da feda da garaya da Iya. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka da wani babba ba.

Ya sake duba batirin a tafin hannunsa. Sannan ya ce, “Wato shekara biyu ni ina kiran salla, kai kana can kana jiran miya ta nuna.”

Na ce haka ne, Baba.

Ya yi dariya kaɗan, sannan ya daina. “Wanda na yar na yar, ɗan boko, ba ruwana da inda ya tafi. Amma in tsaya gaban alƙibla in ɗaga murya da niyyar in gajiyar maka da batirin kiɗa, wannan ba zan yi ba. Kiran salla ba ya yi wa kowa aikatau.”

Na ce na gane, kuma da gaske na gane. Na tambaya ko zai ara mini makirfon in kunna shi a ɗaki. Ya ce kayan masallaci ne, ba ya fita. Na miƙa hannu zan karɓi batirina, sai ya sa shi a aljihun gaban rigarsa. Ya tambaye ni ko tsohuwar nan ta Aujara ce, wadda ta taɓa aiko masa da daddawa. Na ce ita ce. Ya ce in tafi, yana da aiki.

Washegari da hantsi lasifikar masallaci ta buɗe. Ba lokacin salla ba ne. Baba Ladan ne yake cigiyar wata akuya ja mai farin goshi, ta gidan mai gyaran babur. Ya faɗi kamanninta, ya faɗi inda aka gan ta na ƙarshe, ya faɗi cewa tana da ciki, ya maimaita, ya ƙara da nasiha a kan riƙe dabbar mutane. Daga jin ƙarar na san tsohon makirfo ne, yana da wani huci da sabon ba shi da shi. Da aka yi azahar kuwa, da sabon ya kira.

A makon nan Limawa ta sha sanarwa irin wadda ba ta taɓa sha ba. An yi cigiyar makullin shago, an yi ta takalmin wani baƙo ƙafa ɗaya. An sanar da ɗaurin auren da sai wata mai zuwa za a yi, aka karanto dangin ango har da na Kiyawa. An ja kunnen yara masu ƙwallo a kan tagar liman. Akuyar an same ta tun ranar farko, amma sai da ya sanar cewa an same ta, ya gode wa duk wanda ya taya nema. Mahaifiyata ta ce lallai tsufa ya fara kama Baba Ladan. Iya daga kan katifarta ta ce a ƙyale shi, shi kaɗai ke ɗebe mata kewa.

Ni kuwa ina ɗaki da littafi a buɗe ina sauraron muryarsa, ba ta tsinke ba. Laraba ta wuce. Ranar Alhamis da safe muka kai Iya asibiti, likita ya cire audugar ya duba, ya ce ido ya yi kyau, ya mayar da wata sabuwa ya ce a cire gobe. Muka dawo a keke mai ƙafa uku, tana ta yi wa direban faɗa a kan ramuka. Bayan la'asar Baba Ladan ya fara bayani a kan kwatar da ta toshe a layin baya, da waɗanda ya kamata su fito da shebur. Yana tsakiyar lissafa gidajen sai muryar ta yi ƙasa, ta ɓace, ta dawo.

Ban san lokacin da na sa takalmi ba. Na same shi a bakin ƙofar masallaci ya riga ya zaro batirin. Ya miƙo mini ya ce, “Lasa mu gani.” Na lasa a gabansa. Ya kalli fuskata ya ce to madalla, ya huta, maƙogwaronsa ya bushe, kuma in gaya wa tsohuwa daddawarsa ta ƙare.

Na kwashi kayan zuwa ɗakin Iya, na jona wayoyin, na ɗaure murfin fedar da kusoshinsa. Ta bi ni da ido ɗaya tana tambayar wane irin tarkace ne mijinta ya kwaso mata maimakon atamfa. Na matso da abin ji zan sa mata a kunne, ta ture hannuna.

“An toshe mini ido, kai kuma za ka toshe kunnen? Me ya rage mini?”

Sai na zare shi daga lasifikar. Tun da jitar ta zama tawa ban taɓa jin ta a fili ba. Na rage ƙarar, na zauna a bakin katifa, na danna fedar da hannu, na fara.

Ta daina motsi. Na kaɗa amon sau biyu, ina jiran ta ce wani abu. Da ta yi magana, cewa ta yi ina sauri. Na rage. Ta ce har yanzu. Ta ce wannan kiɗan mutumin da ke zaune ne, shi kuwa yayanta tafe yake kaɗawa, ga gajiya, ga kaya a kafaɗa, ga ƙaya a ƙafa. Ta ce in tashi in yi tafiya.

Na rataya jitar na miƙe. Wayar ba ta da tsawo, iyakarta daga katifa zuwa ƙofa. Na riƙa zuwa ina dawowa ina kaɗawa, ina jin kaina kamar wawa, ina addu'ar kada ƙannena su leƙo. A zuwa na uku ko na huɗu hannuna ya bar bin kaina ya koma bin ƙafata. Kiɗan ya yi nauyi ta gefe ɗaya, yana ɗan jinkiri a duk taku na biyu.

“Yauwa,” in ji ta, a hankali. Ta juya fuskarta wajen bango. “Yanzu yana wajen kukar nan.”

Na ci gaba. Can ta ce ya tsallake fadama. Can ta ce ya iso masussuka, karnuka sun fara haushi. Ba da ni take magana ba. Mahaifiyata ta daina jajjage a tsakar gida. Ina jin batirin yana tafiya, domin ya riga ya sha wuya a hannun Baba Ladan fiye da na da. Sautin ya ƙara shaƙewa, wasu tsirkiyoyin suka fara fita rabi. Ta ce ya wuce rijiya. Na ƙara ƙarfin yatsa don in ja shi gaba kaɗan. Sai lasifikar ta yi ɗan tari ta yi shiru, ya rage ƙarar ƙarfen tsirkiya kawai a ƙarƙashin hannuna.

Na tsaya a tsakiyar ɗaki. Na ce ta yi haƙuri, batirin ne ya ƙare, kuma ba ni da wani.

“Ai daga rijiya ba ya kaɗawa,” in ji Iya. “Hannunsa yana kan ƙyaure.”

Ta ɗan jima a haka fuskarta a bango. Sannan ta goge lafiyayyen idon da bakin zanenta, ta ce lokacin maganinta bai yi ba ne, ko sai ta tuna wa mijin nata.